Rubutun Jikin Farar Mota

Ofelia na gasa tortilla, wainar masarar ƙasarsu, sai ta ji unguwar ta yi tsit. An kashe rediyon maƙwabta, yaran da ke buga ƙwallo sun ɓace. Ta ɗaga labule kaɗan. Wata doguwar farar mota mai tambarin hukuma ce ta tsaya a tsakiyar gidajen leburori masu tsinkar 'ya'yan itacen ceri. Irinta ce ta tafi da mijin maƙwabciyarta Chelo bara. Nata mijin, Rogelio, yana gona, ba shi da takardar izinin zama a ƙasar nan, kuma yanzu ne lokacin dawowarsa cin abinci.

Akwai rubutu a jikin motar, da Turanci. Ita ba ta karanta Turanci.

"Efraín, zo nan. A hankali. Me aka rubuta?"

Ɗanta mai shekara takwas ya rarrafo daga gaban talabijin, ya leƙa. Kafin hutun makaranta, shi ke karanta mata takardar asibiti, har yana gyara mata baki.

"La... Li..." Ya tsaya.

"Ina jinka."

"Mama, haruffan sun yi yawa."

"Sun yi yawa? Kai da ka ce ka fi malamarku?"

"Da ne. Na manta yadda ake haɗa su."

Tun da aka kulle makaranta, aka kulle littattafan a ciki, bai sake buɗe ko ɗaya ba. Ita ma ba ta matsa masa ba. Hutu ne ai, kowa haka yake cewa.

Wani mutum ya fito daga motar, da kati rataye a wuya, yana waige-waige. Ta danne kan yaron ƙasa. Ta kira wayar Rogelio don ta ce kada ya zo. Ba ya ɗauka.

"Sake gwadawa, ɗana. Ɗaya bayan ɗaya."

Ya sake ɗago kai, yana bin haruffan da yatsa a kan gilashin taga. Mutumin ya gaji da tsayuwa cikin rana, ya koma ya tayar da mota. Motar na juyawa yaron ya haɗa kalmar.

"Mama, laburare ne. Littattafai suka kawo."

Ta zauna a ƙasa. Wani ne can a ofis mai sanyi ya ga ya dace a aiko wa 'ya'yan leburori littattafai cikin irin motar da ke kwashe iyayensu, bai tambayi kowa ba. Gobe zai ce mutanen nan ba sa son karatu.

Ta jawo kwalin madara daga kan tebur, ta miƙa wa yaron.

"Karanta min."

"Madara ce fa, Mama."

"Na san madara ce, sarkin surutu. Fara daga sama. Wata rana ba laburare ba ne zai tsaya a nan."