Rabin Sakata

Takardar da aka kawo gidan layi uku ce kacal. Ita ba ta karatu, matar ɗanta ce ta karanta mata a tsaye a bakin gado. Wai ɗanta bai zura sakata ba, wai sakacinsa ne ya sa giyabos ɗin babbar mota ya juye ya danne masa ƙafa, don haka kada ya ƙara taka garejin. Shekara goma sha tara yana musu aiki. Yana kwance, ƙafar dama cikin siminti har gwiwa, ya juya fuska bango ya ce, "Inna, na zura ta. Da hannun nan."

Ta san ɗanta. Tun yana ƙarami, in ya fasa kwano shi zai kawo mata guntayen da kansa. Ta kuma san makanikin da aka rubuta wa sakaci, babu garejin da zai sake ba shi ko sifana ya riƙe. Washegari da hantsi ta ɗaure ɗankwalinta tam ta tafi garejin.

Mai gadi ya ce ba a shiga. Ta ce ta zo ne a nuna mata abin da ya ci ƙafar ɗanta, in ya isa ya ɗauke ta ya fitar. Bai isa ba.

Baƙar magana ce cike da bakinta, tun daga gida take jera ta, amma tana ɗaga kai ta manta ta inda za ta fara. Can ƙarƙashin rufi wani ƙarfe ya ratsa daga bango zuwa bango, sarƙa ta sauko daga jikinsa, a ƙarshen sarƙar kuma wani abu mai girman maraƙi yana tafiya a sararin sama, a hankali, jan mai na ɗiga daga gindinsa. Ƙarti huɗu sun ja da baya, babu mai ko tari. Wani dattijo mai furfura yana biye da abin, da ɗan akwati a hannu yana danna shi da babban yatsa. Da yatsa ɗaya, jama'a. Ta tsaya kamar an kafe ta.

Shugaban makanikan, wani gajere mai tsumma a kafaɗa, ya taho da sauri. "Inna, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Wane jikin? Wanda kuka bari ko wanda kuka murƙushe?"

Ya ce su je ofis akwai kujera. Ta ce ba zama ya kawo ta ba. Dattijon nan, wanda kowa ke kira Mai Ƙugiya, bai ɗauke ido daga sarƙa ba ya ce a bar ta ta gani mana, ai uwa ce.

Dattijon ne ya riƙa yi mata bayani yana aiki. Ya ce wannan shi ne giyabos, shi ke canza wa tirela giya da kansa, direba ba ya taɓa komai, nauyinsa kuwa ya fi buhun siminti takwas. Ba a ɗaure shi ta inda aka ga dama, yana da kunnuwansa na ƙarfe da ake maƙala ƙugiya. In za a ɗaga, sai a ɗaga kamar taƙi ɗaya a tsaya a ga ina zai rinjaya. Babu mai sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashinsa, ko ɗan uban wane ne. Ya nuna mata wani ƙarfe da aka gicciya a bakinsa, ya ce akwai tulu a ciki cike da mai, ba abin da ke riƙe da shi sai ƙarfen nan, in babu shi ana karkata abin zai sulluɓo ya karya gwiwar mutum.

Suka kai shi jikin wani turken ƙarfe mai tayoyi, suka ɗaure da noti huɗu, shugaban ya bi su ɗaya-ɗaya ya sake matsewa. Sannan aka zura sakata, fara sol, kaurin babban yatsa, don kada ya juya. Sai da aka yi duk wannan Mai Ƙugiya ya saki sarƙa. Turken ya yi wani nishi, ta ji shi har tafin ƙafarta.

"Nauyinsa ba ya zama wuri ɗaya," in ji dattijon. "Kana cire masa abu, ya koma wani gefen." Wannan kam ta gane. Shekara talatin ta yi tana ɗaukar ruwa a baho.

A kan teburin da ke gefe an baje cikin wani giyabos. Haƙora cikin haƙora, ƙanana suna zagaya babba, faifan ƙarfe sirara an jera su kamar an yanka da wuƙa, da wani allo mai hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa, wai ta nan mai ke bi ya gane mota ta kama hawan tudu. Ta miƙa yatsa ta juya haƙori ɗaya, sauran duka suka motsa, ba ƙara. Ta janye hannu da sauri. Aka ce mata ɗanta yana mayar da duk wannan ba ya duba littafi. Ɗan da take yi wa faɗa kan baƙin farce. Bai taɓa faɗa mata ba. Fushin ya dawo mata sabo.

Ta dubi turken. Fentinsa ko ƙwarzane babu.

"Wannan ne ya ci ƙafar tasa?"

Shugaban ya ce ai duk iri ɗaya ne. Ta ce ba iri ta tambaya ba. Mai Ƙugiya ya ajiye akwatinsa ya ce tsohon turken yana baya, cikin tarkace.

Suka zagaya, makanikan na biye. Yana can a kife tsakanin tsofaffin tayoyi, duk tsatsa. Ta durƙusa da ƙyar, ta lalubi irin ramin da ta ga an zura wa sabon turken sakata, ta tura ɗan yatsa. Bai shiga ba. Ta sake turawa.

"Ramin nan a toshe yake."

Mai Ƙugiya ya koma ya ɗauko guduma da wani siririn ƙarfe, ya sa a ramin ta baya, ya buga sau uku. Wani guntu ya faɗo ƙasa. Tsawonsa bai kai yatsa ba, bakinsa a karye yake fes, jikinsa da zane-zanen rodin gini. Ta riga kowa ɗauka.

"Wanda bai zura sakata ba, uban wa ya bar rabinta a ciki?"

Dattijon ya ce wannan ma ba sakata ba ce, rodi ne. Ta ainihin ta ɓata tun bara waccan, aka yanko wannan aka ce a lallaɓa kafin a kawo wata. Ta tambaya wa ya yanko. Shugaban ya daɗe yana murza tsumman kafaɗarsa kafin ya ce shi ne. Ya rantse ranar da abin ya faru bai ga sakata a jiki ba, bai kuma leƙa ramin ba.

"Ba ka leƙa ba, amma ka rubuta."

Ya miƙo hannu wai ta ba shi guntun ya kai wa manaja. Ta ƙulle shi a bakin zaninta ƙulli biyu, ta ce ƙafafunta biyu lafiya lau suke, ya wuce gaba.

Manajan ya so a bar maganar sai wani mako. Ta zauna a ƙasa, a bakin ƙofarsa, ta miƙe ƙafa, duk mai shiga sai ya tsallake ta. Kafin rana ta take tsaka an buga sabuwar takarda, shugaban ya sa hannu, manaja ya sa. Ta ƙi karɓa sai da aka kira Mai Ƙugiya ya karanta mata a gaban kowa: ɗanta ya zura sakata, kayan gareji ne suka karye, aikinsa na jiransa ranar da ya miƙe.

Ta ce ya maimaita wajen da aka ce ya zura. Ya maimaita.