Harsashin Gida

Nélida na zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate lokacin da harsashi ya kifar da ragon ƙarfe na ƙarshe can ƙarshen filin gasar harbi. Mai ƙirga maki ya ɗaga hannu. An yi kunnen doki tsakanin mahaifinta, Don Evaristo Larralde, da Bruzzone mai garejin motoci. Za a ƙara wa kowa harbi biyar.

Ta dubi akwatin katakon mahaifinta da ke kan benci. Babu harsashi ko ɗaya, sai kwanson da aka riga aka harba.

Bara ne likita a Santa Rosa ya ɗinke jijiyar kafaɗar tsohon, ya kuma faɗa musu gaskiya: idan bindiga ta ƙara dukan kafaɗar da ƙarfi, ɗinkin zai ɓalle, hannun ko cokali ba zai sake ɗagawa ba. Sai Don Evaristo ya kulle tsohuwar bindigarsa a kabad, ya koma zama a baranda. Ya daina aski, ya daina zagin 'yan siyasa a rediyo. Naman gashi ma sai ya ture faranti.

A ƙungiyar harbi ta garin, masu ɗura harsashi da hannunsu kowa da dalilinsa. Wani tsada ce ta kore shi daga kanti. Likitan haƙori yana son kowane harsashi ya fito daidai da ɗan'uwansa. Akwai wanda kowa ya san ɗakin aikin ne kawai wurin da surukarsa ba ta shiga. Nélida mai haɗa magunguna ce, awo aikinta ne. Ta nemi izinin hukuma, ta sayi injin matsa kwanso na hannu, likitan haƙori ya koya mata. Tana auna albarushi mafi sauƙi da littafin ya yarda da shi, yadda bindigar za ta tura kafaɗa kawai, ba ta doke ta ba. Ga mahaifinta kuwa cewa ta yi na kanti ya yi tsada.

Tun daga nan ya dawo fili duk Lahadi, yana gaya wa kowa kafaɗarsa ta fi da ƙarfi.

"To, tsoho, kayan aiki sun ƙare ne?" Bruzzone ya leƙa akwatin yana goge gumi. "Ko dabarar gudu ce?"

"Gudu? Ina harbi a filin nan kana tsotsar yatsa, ƙaton banza."

"Yatsan ne ya yi kunnen doki da kai yau." Ya zaro kwali daga jakarsa ya dire a kan benci. "Ga na kanti, bakin bindigarmu ɗaya. Kyauta na ba ka, kada gobe ka ce yunwar harsashi ce ta kayar da kai."

Mutane suka matso, wani da guntun tsiran nama a cikin burodi. Likitan haƙori ya dubi Nélida, ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin harsashinta.

Ta ajiye butar. Idan ta yi shiru, harbin farko zai iya raba shi da hannunsa. Idan ta yi magana, maza talatin za su ji cewa shekara guda ana lallaɓa Don Evaristo Larralde kamar jariri, kuma ta san barandar da zai koma.

"Baba," ta ce, "rana ta yi. Ba ka sha maganinka ba."

"Ji 'yar nan!" in ji Bruzzone. "Maganin yana jira, Nélida, raguna ne ba sa jira."

Tsohon ya buɗe kwalin. Ya zaro harsashi ɗaya, ya juya shi a rana, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Nélida ta yi taku ɗaya, bakinta a buɗe.

Tsohon ya mayar da harsashin cikin kwalin, ya rufe, ya tura wa mai shi.

"Bindigata ta saba da girkin gida. Abincin kanti ɓata mata ciki yake yi."

"Haba Don Evaristo! Ka fasa ke nan?"

"Na bar maka. Tafi da kofin gasar gida, ko matarka ta samu abin zuba ƙusoshi."

Aka fashe da dariya. Bruzzone ya rantse wannan ba nasara ba ce, sata ce aka tilasta masa. Duk da haka ya karɓi kofin, ya kuma yarda kuɗin ruwan inabin tebur a wuyansa yake.

Da yamma suka kama hanyar gida, ita ke tuƙi, bindigar na kwance a jakarta a baya. Shanu na kiwo gefen shingen waya. Sun wuce gidan mai kafin ta yi magana.

"Baba, harsashin nan da nake yi..."

"Mako mai zuwa ki ƙara goma. Ba na son ƙaton nan ya saba."

"To. Amma akwai abin da..."

"Kuma kada ki taɓa awon." Yana kallon titi. "Ran da na fara harba naki, ƙasa ya sauka, kusan taƙi guda. Sai da na ɗaga saitin bindigar kafin ya dawo daidai. Ba ni da ƙarfin sake wannan wahalar."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Wata babbar mota ta wuce su.

"Tun ranar farko?"

"Shekara sittin ina harba bindigar nan, 'yar nan."

Ya ɗauko butar daga ƙasan kujera, ya cika ƙoƙon mate, ya gyara tsinken zuƙa. Ya miƙa mata da hannun dama, wanda aka ɗinke, ya riƙe shi a sama har ta karɓa.