Sabarar Kabarin Inna

Kwana biyu kafin ranar tunawa da matattu, Kiristocin Dogon Dutsi kan fito sharar makabarta. Bana ma Gilbert ne shugaban aikin, mutumin da in ya ga ciyawa ɗaya a tsaye sai ya ji kamar zaginsa take yi.

Ya iso kan wata sabara da addarsa, ya tarar da tsohuwa Delphine zaune a gindinta ta miƙe ƙafafu.

"Inna, ki gusa. Wagga maɓoyar macizai ce."

"Kabarin uwata ne nan," in ji ta. "Gara ta cinye gicciye tun da daɗewa. In ka sare ta, da mi zan gane wurin?"

Ita ta shuka ta. Sau uku iri yana mutuwa, na huɗu ya kama. Rani biyu tana hawo da ruwa a jarka, ta kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki. Tana son itacen nan, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Gilbert ya ce ai daji cike yake da irinta, wa ya san ko geza ce ma. Delphine ta tsinki ganye, ta juya masa bayansa.

"Ɗige-ɗigen baƙi ka gani ko ba ka gani ba? Geza ba ta da su. Ga furenta ɗan dunƙule rawaya. Rassa ukku na bar mata, sauran na datse da hannuna. Sare ta, amma ka fara da ƙafata."

Mutane suka tsaya kallo. Ya yi tsaki ya wuce, yana cewa taurin kan tsofaffi ya ishe shi.

Ranar addu'a kowa ya nufi kabarin mamacinsa da kyandir. Gilbert kaɗai ke ta zagaye a fili fetal. Gicciyen mahaifinsa ya faɗi a damina, kuma 'yar gezar da ke kan kabarin shi da kansa ya tumɓuke ta bara. Abin ya ba Delphine tausayi, amma sai da ta bari ya zagaya sau uku.

"Zo nan," ta ce. "Tsaya gindin sabarata, ka yi taki tara gabas. Ina tsaye nan anka rufe mahaifinka."

Ya ajiye kyandir, ya dafa reshen sabarar, ya fara takawa.