Kwamfutar da ke Haɗiye Wasiƙu

Anti ta sake jan yatsa a kan fuskar wayar, karo na biyar ke nan, akwatin imel ɗinta fayau. Mai gadin sito yana tsaye a bakin ƙofa, bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Dokar wurin ɗaya ce: ba a shiga sai da wasiƙar izini daga babban ofis. Daga ciki ana hango babbar mota maƙare da kwalayen magani, tana jiran Anti, jami'ar duba kaya, ta ƙirga ta sa hannu. Direban ya riga ya faɗa, ƙarfe goma sha biyu na cika zai sauke kayan ya kama wani aikin, asibitocin da ke jira kuma sai wani mako.

Ta rantse wa mai gadin cewa da idonta ta karanta wasiƙar a cikin bas da sassafe. Ya ce ya yarda, amma ba da rantsuwa aka ce ya buɗe ƙofa ba. Manajan da ya aiko wasiƙar kuwa wayarsa a kashe, yana cikin jirgi.

Ta koma ƙarƙashin rumfar babura ta kira Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofishinsu. Shi ma ba ya ofis, yana wani reshe yana jan waya a silin. Bai bari ta gama ba ya tambayi ƙarfe nawa wasiƙar ta ɓace. Ta ce wajen takwas.

"To ai Baba Sakatare ne ya kunna kwamfutarki," in ji shi.

Shekara ashirin Baba Sakatare yana haka. Takwas na yi zai bi tebur-tebur da tsummansa, ya goge, ya kunna kowace kwamfuta, ko mai ita yana nan ko ya yi tafiya. Babu wanda ya taɓa hana shi, don kowa yana jin daɗin ya tarar da tasa a shirye.

Injiniya ya bi da ita a hankali. Manhajar da ke kwamfutarta a kan tsarin POP take, kamar masinjan da zai je gidan waya ya kwashe akwati kaf ya kawo teburinta. Wayarta in ta leƙa daga baya, sai ta tarar da wayam. Tsarin IMAP kuwa a can yake barin wasiƙu, kowace na'ura ta leƙa ta gani. Wata uku da suka wuce ya mayar da duk masu tafiye-tafiye kan wannan, ita kaɗai ta ce wasiƙunta na shekara tara, da ta jera fayil-fayil, ba mai taɓa mata su.

"Ban kira ka don ka karanto mini laifina ba," ta ce. "Goma sha ɗaya ta wuce."

Ya ce ta sa Baba ya turo mata daga kwamfutar.

Ta kira Baba, nan aka yi ta fama. Baba sai da ya nemo tabarau, sai da ya tambayi lafiyar hanya da ta yara. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, ba ta ɗaukar hoto. Ta riƙa gaya masa inda zai danna, yana maimaita kowace kalma kamar mai biya karatu. Wani adireshin imel ba ta da shi, nata na gida ta manta kalmar sirrinsa tun bara, don haka ta ce ya rubuta nata na ofis.

Wayarta ta yi ƙara. Kafin ta isa wurin mai gadi, saƙon ya ɓace.

"Ga ta ta dawo nan, 'yata," in ji Baba. "Wasiƙar nan ba ta son tafiya."

Sau uku suna yi, sau uku kwamfutar tana haɗiye abin da ita da kanta ta aika. Direba ya tayar da mota ya kashe, ya zo ya tsaya yana kaɗa makulli. Anti ta goge gumi da gefen mayafi, ta ce wa Baba wannan karon yana danna aikawa, ya ƙirga biyar, ya zare wayar wuta daga bango.

Baba ya ce shi tunda yake bai taɓa kashe na'ura ta haka ba, akwai yadda ake yi, kuma in ta lalace wasiƙunta ne na shekara tara a ciki. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta dubi motar, ta dubi agogo, saura kwata.

"Baba, zare ta!"

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so, har mai gadin ya waiwayo.

Saƙon ya shigo, ya zauna. Mai gadi ya karɓi wayar ya karanta tun daga gaisuwa har sa hannu, sannan ya buɗe ƙofa. Ta roƙi direba ya ƙara mata rabin awa. Ya yi gunaguni ya koma inuwa.

Sai da ta ƙirga kwali na ƙarshe ta sa hannu, sannan ta rubuta wa Injiniya cewa ranar Litinin ya zo ya canja mata tsarin, amma tana zaune a wurin, kuma sai ya fara kwafe mata fayilolinta. Daga nan ta kira Baba don ta ba shi haƙuri.

Bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya tambaya ko maganin ya tashi, ta ce motar ta fita yanzu.

"To madalla. Ina kan kujerarki tun ɗazu, wayar wutar tana hannuna, kada wani ya zo ya jona. In kin gama da wasiƙar ki gaya mini, in je in ci abinci."