Likita Ya Nemi Rukunin Firji

A kulob ɗin golf ɗinmu babu wanda ya kai Likitan Haƙori iya bugu, amma shekara shida bai ci gasar ƙarshen shekara ba. Rangwame ne ya hana shi. A wannan wasa, wanda ya gama ramuka goma sha takwas da bugu mafi ƙaranci shi ya ci, sai dai ana yafe wa kowa wasu bugu gwargwadon rashin iyawarsa. Likita uku ake yafe masa. Tela kuwa, wanda ya taɓa fasa gilashin motar kansa da ƙwallo, talatin.

Bara da Tela ya ɗaga kofi, Likita ya bi Sakataren kulob har bakin banɗaki yana mita.

"Haba Malam! Mutumin da rabin wasansa a cikin kududdufi yake yi?"

Sakatare tsohon hedimasta ne, ba ya son ƙorafi. Bana sai ya kasa mu rukuni uku: gwanaye, matsakaita, da masu ƙoƙari. Kowa ya kara da tsaransa, kowane rukuni da kyautarsa. Muka ce an yi adalci.

Sai kyaututtuka suka iso daga wani mai kantin kayan lantarki: firji mai ƙofa biyu, da fanka, da tocila. Don kada a ce ya yi son kai, Sakatare ya zuba takardu a hularsa aka yi ƙuri'a. Firji ya faɗa wa masu ƙoƙari, fanka matsakaita. Gwanaye, tocila.

Ran nan matar Likita ta zo ɗaukarsa, ta ga firjin a falon kulob. Ta buɗe ƙofa ɗaya, ta buɗe ta biyu, ta shafa.

"Baban yara, kai kana wane rukuni?"

"Na gwanaye mana," in ji shi, yana gyara kwalar riga.

"Su me ake ba su?"

Ya nuna mata.

"To ka daina gwanintar."

Washegari ya isa ofishin Sakatare hannu na karkarwa. Ya ce tsufa ya kama shi, ido ya tafi, a mayar da shi cikin masu ƙoƙari.

"Likita, da wannan hannun ka cire mini haƙorin turmi shekaranjiya," in ji Sakatare. "Amma ba komai. Ranar Asabar zan bi ka fili in gani da idona."

Ashe ɓata wasa ma sai an koya. Duk yadda Likita ya karkace, ƙwallon sai ta miƙe sambal. Dole ya sauke girman kai ya je shagon Tela.

"Yayana, don Allah yaya kake yi?"

Tela ya ajiye almakashi, ya gyara zama. Tunda yake, ba a taɓa neman iliminsa na golf ba.

"Ka riƙe sandar kamar za ka kashe ɓera. Ka rufe ido. Sannan ka tuna wani ɗinki da ka yi alkawari ba ka ko yanka ba."

Ranar Asabar muka yi dafifi. Ramuka shida na farko Likita ya yi abin kunya daidai gwargwado, Sakatare yana rubutawa yana girgiza kai. A rami na bakwai, gajere, Likita ya yi saitin kududdufi, ya runtse ido, ya maka. Ƙwallon ta daki itace, ta faɗa kan rufin rumfar injin yanke ciyawa, ta gangaro, ta yi tsalle biyu, ta shige rami. Bugu ɗaya tak.

Fili ya ɗauki sowa. Muka ɗaga shi sama yana wutsil-wutsil.

"Kuskure ne! Wallahi ruwa na nufa! Malam, kada ka rubuta!"

Sakatare ya riga ya rubuta. Nan take ya rage masa rangwame daga uku zuwa biyu.

Ranar gasa Likita ya ci rukuninsa ba da son ransa ba. Tela ya shagala da ba mutane shawara, ya zo na ƙarshe. Wani dattijo mai gyaran agogo, wanda bai ma san da kyauta ba, shi ya tafi da firji. Sakatare ya sanar cewa daga baɗi za a rufe rukuni da sakamakon shekara guda kafin kowa ya ga kyauta, kuma kyaututtukan uku iri ɗaya za su zama.

Matar Likita ta yi kwana huɗu tana gaishe shi da "Sannu gwani." A na biyar ya ɗauke ta da kansa suka je kantin kayan lantarkin sayen firji.