Ranar Awon Jarirai a Garin Wakili

Tun da aka buɗe ɗakin haihuwa a likitar Garin Wakili, can gefen Yekuwa, Ɗela ta daina karɓar haihuwa a gidaje. Tsohuwar ungozoma ce, rabin garin a hannunta suka faɗo. Yanzu aikinta rako masu naƙuda, da taya Nasiba, ungozomar da aka turo daga Dungas, awon jarirai kowace Talata.

Wata Talata, rana ta take tsaka, mata sun watse, Nasiba ta shiga ciki duba wata mai jego. Ɗela na shirin kwance ma'aunin da ke rataye a reshen dogon yaro, sai ta ji sallama a bayanta.

Wata matashiya ce da goyo, ƙafafunta babu takalmi a kan yashin da ke ƙuna.

"Inna, an ce nan ake auna yara. Ban makara ba?"

Ɗela ta dube ta, ta gane ta. Habiba ce, matar Yero mai shanu. Shekarun baya, tun babu likita a garin, naƙuda ta gagare ta, Ɗela ta ɗora ta a amalanke suka nufi Dungas. A hanya rai ya yi halinsa, cikin bai rabu da ita ba. Ɗela ce ta yi mata wanka. Ga ta nan kuwa, ko zanen bai canza ba.

"Ba ki makara ba, 'yata. Kawo shi."

Ta karɓi jaririn, sanyinsa kamar randa. Ta saka shi a wandon awo, ta rataya. Tsinken ma'aunin ko motsi bai yi ba. Habiba ta ƙura masa ido, tana jira.

Ɗela ta karanta addu'ar da ta iya a zuci. Ta sa hannu kamar mai gyara igiya, ta ja ƙasa a hankali har tsinken ya sauka inda na ƙosassun yara ke tsayawa.

"Kin gani? Ɗanki ya yi nauyi. Lafiyarsa lau."

Habiba ta saki ajiyar zuciya mai tsawo. Ta goya shi, ta tsaya tana kallon ginin, da gadajen da ake hangowa ta taga.

"Ashe kusa ne," ta ce.

Ta bi ta cikin gonar gero, karan bai ko kaɗa ba.

Nasiba ta leƙo. "Inna Ɗela, da wa kike magana?"

"Wata ce ta zo daga nesa. Na sallame ta."

Hannun Ɗela bai yi ɗumi ba sai bayan la'asar. Washegari ta dogara sandarta har rugar Yero. Ta same shi ya yi furfura, yana ɗaure maruƙa. Ta ce masa ya yi wa Habiba da ɗanta sadaka.

Ya saki igiyar, ya ce, "Namiji ne?"

"Namiji," in ji Ɗela.