Ƙuri'ar da Hayasaka Ya Rasa

Kurahashi Tomio ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsugune a filin besbol, yana cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo, har gwiwoyinsa suka daina lanƙwasuwa sai da lallashi. Da furfura ta cika masa kai, aka sa shi cikin kwamitin dattawan da ke zaɓen tsofaffin 'yan wasan da za a kafa sunayensu a Zauren Gwanaye. Kowane dattijo ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma ba mai shiga zauren sai kashi uku cikin huɗu sun yarda da shi.

A wannan shekarar sunaye biyu ake ta ja-in-ja a kansu. Na farko Hayasaka Genji, mai jifan da Kurahashi ya yi wa cafiya tun suna samari. Ɗakinsu ɗaya a duk garin da suka je wasa, Kurahashi ne ma babban abokin ango ranar auren Hayasaka. Na biyu Shibasaki Goro, mai bugu na wata ƙungiya, wanda ya bar wasa ana tsakiyar kakar wasa bayan ya faɗa wa jaridu cewa mai horar da su yana marin sababbin 'yan wasa. Tun ranar manya ba su yafe masa ba. Yanzu yana can yana gasa nama a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa.

Ana gobe taro sai ga Sakue, matar Hayasaka, da kwalin lemo a hannu. Ta durƙusa a kan tabarma, ta tambayi lafiyar gwiwoyinsa, ta yaba shayin, sannan ta sunkuyar da kai.

“Likita ya ce ba lallai ne abokinka ya ga bazara ba,” in ji ta. “Ba roƙo na zo yi ba, Kurahashi. Na dai ga bai kamata ka ji a bakin wani ba.”

Ya ce ya gode. Bayan ta tafi ya daɗe yana kallon kwalin, bai buɗe ba.

Washegari da hantsi suka hallara a benen wani otal. Ogiwara, tsohon ɗan jarida, shi ne shugaba, amma Tsurumi ne ya kame zancen, wani ƙaton tsohon mai horarwa da ba ya magana sai da bugun tebur.

“Zauren nan ba na masu ƙarfin damtse kaɗai ba ne,” in ji shi. “Hayasaka ya yi ta jifa kafaɗarsa na ciwo, ko tari bai yi ba. Wancan kuwa? Ya kwashi wankin gidansu ya shanya a titi!”

“To marin da ya faɗa, ƙarya ya yi?” wani ya tambaya daga ƙarshen tebur.

“Wa ba a mara ba a cikinmu? Ni har haƙori na rasa, ga ni nan dai.”

“Shi ya sa magana ke zubo maka ba birki,” in ji Ogiwara. Aka yi dariya kaɗan. Sannan ya juyo. “Kurahashi, ka yi shiru. Kai ka cafe wa ɗaya, ka tsuguna a bayan ɗayan yana bugu. Wa ya fi?”

Kurahashi ya ɗago kai. Da za a bar shi da ya ce kowa da irin baiwarsa, a wuce wurin. Amma idanu duk suna kansa.

“Gen mai jifa ne na ƙwarai,” ya ce a hankali. “Shekarunsa masu kyau ba su da yawa, kafaɗa ta ci amanarsa da wuri. Shibasaki kuwa, duk ranar da ya tsaya a gabana da sanda, ba ni da alamar da zan yi wa mai jifa in nuna masa inda zai jefa. Ka jefa ƙasa ya ɗauke, ka jefa sama ya ɗauke. Ban taɓa ganin irinsa ba.”

Tsurumi ya tafa hannu. “Ka ji abota! Mutum na kwance a asibiti, amininsa na nan yana auna shi a sikeli.”

“Tambayata aka yi, yallaɓai.”

“Sai ka je ka faɗa masa haka.”

Aka jefa ƙuri'a. Kurahashi ya rubuta sunan Shibasaki. Da Ogiwara ya gama ƙirgawa ya cire tabarau ya murza ido. Shibasaki ko kusa bai yi ba. Hayasaka kuwa ƙuri'a ɗaya tak ta rage masa. Bana ba wanda zai shiga zauren.

Kurahashi ya sauko daga benen yana dafa bango. Gaskiyarsa ba ta ƙari Shibasaki da komai ba, ta dai rufe wa Gen ƙofa. Ya tsaya a tasha, jirgin unguwarsu ya zo ya wuce bai shiga ba. Ya hau na asibiti.

Ya tarar labari ya riga shi. Sakue na zaune a gefen gado, ta miƙe ta ba shi kujera ba ta dube shi ba. Hayasaka ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa.

“Tomi, ka zo? Zauna mana, tsoho, kafin gwiwoyin nan su kayar da kai.” Ya yi murmushi. “An ce guda ɗaya na rasa. Wani mara kunya ne dai ya hana ni. Ka gane ko wane ne?”

“Ni ne, Gen.”

Murmushin bai gushe nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskar kamar bai san inda zai tafi ba.

“Shibasaki ka ba?”

“Shi.”

Hayasaka ya kalli rufin ɗakin. “Ya fi ni. Kana tsammanin ban sani ba? Ni ne fa yake aika ƙwallona bayan katanga.” Ya yi tari, Sakue ta goge masa baki. “Alƙalai sun cika ɗakin nan da kuka zauna, Tomi. Ban san kai ma alƙali ka je yi ba.”

Kurahashi ya zauna a kujerar. Da ya ce ya yi nadama, ƙarya ce. Da ya ce bai yi ba, ita ma ƙarya ce.

“Akwai baɗi,” ya ce daga ƙarshe, ya kuma ji kunyar maganar tun ba ta gama fita ba.

“Akwai kam,” in ji Hayasaka. Ya juya fuskarsa bango. “Sakue, raka shi. Barci nake ji.”

Ta raka shi har bakin matakala, ta rusuna masa irin yadda ake yi wa baƙo, ta gode da zuwan da ya yi.

Hayasaka ya rasu sanyi bai gama wucewa ba. A wurin jana'iza aka zaunar da Kurahashi a sahun gaba, cikin dangi, don marigayin ne ya ce a yi haka, in ji Sakue, kuma iyakar abin da ta ce masa ke nan. Da layi ya zo kansa ya ɗebi turare ya zuba a garwashi bisa al'ada, ya tsaya gaban hoton abokinsa har na bayansa ya taɓa masa kafaɗa.